GANUWA, TAKA-TSANTSAN DA RIGA-KAFI: MATSAYIN MANHAJAR KASHE ƘWAYAR CUTA A TSARON KWAMFUTA

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne duba wata tambaya da ake yawan yi wa masu kula da na'urori a sassan jami'o'inmu, watau ko mutumin da ya kafa wa kwamfutarsa katangar tsaro, yana kuma yin taka-tsantsan wajen yawo a intanet, yana da sauran bukatar manhajar riga-kafi. Masu cewa babu bukata galibinsu mutane ne da suka san na'urar ƙwarai, kuma suna da hujjoji masu nauyi waɗanda zan kawo a gurbinsu. Duk da haka, ra'ayin da takardar za ta kare shi ne cewa kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan uku yana da wurin da yake gadi, kuma akwai hanyar da ɓarna ke bi wadda biyun farko ba sa ganinta sam.

Kafin in ci gaba ya kamata in bayyana kalmomin da zan yi aiki da su. Duk wani shiri da aka rubuta don ya cuci mai kwamfuta zan kira shi muguwar manhaja. A cikin irinta akwai ƙwayar cuta, wadda ke liƙewa a jikin wani fayil ta bi shi duk inda aka kai shi. Akwai tsutsa, wadda ke ratsa hanyar sadarwa da kanta ba tare da kowa ya taɓa kome ba. Akwai kuma wadda ke zuwa a siffar abu mai amfani, kura da fatar akuya ke nan. Katangar tsaro kuwa zan kira ta ganuwa. Gyaran da kamfani ke aikowa don toshe wata kafa da aka gano a manhajarsa shi ne faci, kamar dai na taya.

2.0 Aikin ganuwa da inda ya tsaya

Duk wanda ya san birnin Kano ya san ba a yi ganuwa don a hana shiga da fita ba. An yi ta ne don a tilasta wa kowa ya bi ta ƙofa, ko Ƙofar Nasarawa ko Ƙofar Mata ko wata, inda akwai Sarkin Ƙofa mai lura da masu wucewa. Kwamfutar da ke kan hanyar sadarwa ita ma tana da ƙofofi masu lamba, sun kai 65,535. Shafukan intanet suna bi ta ƙofa ta 80 da ta 443, musayar fayiloli tsakanin na'urorin Windows kuwa ta ƙofa ta 445. Abin da ganuwa ke yi shi ne ta dubi kowane saƙo ta ga daga ina ya fito, wace ƙofa ya nufa, sa'an nan ko daga ciki aka aika a kira shi ko kuwa haka kawai ya zo yana ƙwanƙwasawa. Wanda ba a kira ba sai a mayar da shi.

Wannan aiki ba ƙarami ba ne, kuma tarihi ya shaida. A watan Agusta na 2003 tsutsar nan Blaster ta bi ta ƙofa ta 135 ta shiga na'urori masu ɗimbin yawa, ba tare da masu su sun buɗe wasiƙa ko sun ziyarci wani shafi ba. Haɗa na'urar da intanet kaɗai ya isa. Sasser ta biyo sawunta a 2004. Wannan yana cikin abin da ya sa kamfanin Microsoft, a babban gyaran da ya yi wa Windows XP a watan Agusta na 2004, ya mai da ganuwar a kunne tun daga farko, maimakon a jira mai na'ura ya kunna ta. Haka kuma WannaCry, wadda ta ɓulla ran 12 ga Mayu na 2017 ta kulle fayilolin kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150 tana neman kuɗin fansa, ta ƙofa ta 445 ta riƙa yaɗuwa. A Ingila sai da asibitocin gwamnati suka soke ganin marasa lafiya kusan sau 19,000. Binciken da hukumar bin diddigin kuɗaɗen gwamnatin Birtaniya ta yi daga baya ya nuna cewa da an sa facin da Microsoft ya fitar tun watan Maris, an kuma kula da ganuwar da ke fuskantar intanet, da abin bai kai haka ba. A nan kam masu dogara da ganuwa suna da gaskiyarsu cikakkiya.

Sai dai a lura da abin da Sarkin Ƙofa ke tambaya. Yana tambayar baƙo inda ya fito da wanda ya kira shi, amma ba ya kwance mangalar jakinsa ya ga abin da ke ciki. Idan ni da kaina na latsa na ce a sauko mini da wani fayil, to a wurin ganuwa wannan baƙona ne, na aika a kira shi, za ta buɗe masa. Bugu da ƙari, mafi yawan shafukan yau suna aiko da kayansu a kulle da asirtaccen rubutu ta ƙofa ta 443, saboda haka ko ganuwar ta so leƙawa ba za ta fahimci kome ba. Lalle akwai manyan ganuwowi a bankuna da ma'aikatu waɗanda ke kwance kayan su duba cikinsu. Amma abin da suke dubawa da shi injin riga-kafi ne aka dasa a bakin ƙofa, watau wannan misali hujja ce ga riga-kafin, ba hujjar barinsa ba. Sa'an nan ga abin da ba ya bi ta ƙofa ko kaɗan, kamar filas da aka soka a jikin na'ura. Wannan a wurin ganuwa tamkar wanda aka haifa a cikin birni yake.

3.0 Taka-tsantsan

Babu mai musun cewa mafi yawan ɓarna da hannun mai na'ura take shiga. Melissa a watan Maris na 1999 takardar Word ce da ke zuwa a imel, wanda duk ya buɗe ta sai ta aika kanta ga mutum 50 na farko a littafin adireshinsa. ILOVEYOU, wadda ta fito daga Manila a watan Mayu na 2000, ta yi amfani da son jin kalmar ƙauna ne kurum. Mutumin da ba ya buɗe abin da bai san asalinsa ba, ba ya sauko da manhajar sata, ba ya kuma latsa tallar da ke ce masa ya ci kyauta, haƙiƙa ya rufe wa kansa babban rabo na musiba.

Amma taka-tsantsan yana tsaye ne a kan wani zato guda, cewa mutum zai iya bambanta wuri amintacce da wanda ba amintacce ba ta hanyar dubawa. Wannan zato shi ne maharan suka koyi rusawa. Dubi Melissa ɗin ma: wanda ta isa gare shi sunan abokinsa ya gani a kan wasiƙar, ba na baƙo ba. A watan Maris na 2016 an cusa muguwar manhaja cikin tallace-tallacen da suka bayyana a shafukan jaridar New York Times da BBC da MSN, ta hannun kamfanonin da ke dillancin talla. Mai karanta labarai a irin waɗannan wurare wane ganganci za a ce ya yi? Gaskiya ne wannan hanya ta ƙuntata tun da aka yi ritayar manhajar Flash a ƙarshen 2020, kuma manhajojin buɗe shafuka na yanzu suna sabunta kansu. Sai dai wata hanyar da ta fi ta muni ta buɗe.

Ran 27 ga Yuni na 2017 NotPetya ta faɗa wa ƙasar Yukren. Ta shigo ne ta cikin sabuntawar wata manhajar lissafin haraji mai suna M.E.Doc, wadda kamfanoni da yawa a ƙasar ke aiki da ita. Akawun da ya karɓi sabuntawar ya yi daidai abin da kowane masani zai ce masa ya yi. Kamfanin jiragen ruwa na Maersk kaɗai ya ƙiyasta asararsa tsakanin dala miliyan 250 da 300. A wannan shekarar dai, tsakanin Agusta da Satumba, mutane kimanin miliyan 2.27 suka sauko da CCleaner, manhajar share tarkace daga kwamfuta, daga ainihin shafin masu ita, ɗauke da sahihin hatiminsu, alhali an riga an dasa mata ƙofar baya. A watan Disamba na 2020 aka gano irin wannan a manhajar Orion ta kamfanin SolarWinds, bayan abokan cinikinsa kusan 18,000 sun karɓi gurɓatacciyar sabuntawa, har da ma'aikatun gwamnatin Amurka. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. A duk waɗannan misalai ganuwa ta buɗe domin baƙon da izini ya zo, taka-tsantsan kuma bai ga abin zargi ba domin fuskar sananniya ce.

Har wa yau, taka-tsantsan hali ne na ɗan Adam, yana ƙaruwa yana raguwa. Malamin da ke da hankali da safe shi ne wanda zai buɗe fayil na arba'in da ɗalibai suka aiko masa da tsakar dare, ido ya yi nauyi. A wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2016, masu bincike sun watsar da filas 297 a harabar Jami'ar Illinois da ke Amurka, kusan rabinsu sai da aka tsince su aka soka a kwamfuta aka buɗe abin da ke ciki. Da aka tambayi waɗanda suka yi haka, da yawa cewa suka yi suna neman mai shi ne su mayar masa. Kirki ne ya kai su, ba sakarci ba.

4.0 Abin da riga-kafi ke gani

Bambancin manhajar riga-kafi da sauran biyun shi ne wurin zamanta. Tana cikin gida, tana duba fayil a lokacin da aka ajiye shi ko aka buɗe shi, ba ruwanta da ƙofar da ya biyo ko sunan wanda ya aiko shi.

Hanyarta ta asali ita ce gane kamanni. Ƙwayar cutar farko da ta yaɗu a kwamfutocin IBM da ire-irensu ita ce Brain, wadda wasu 'yan'uwa biyu, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta a birnin Lahore na Pakistan a 1986, tana bin faifan fulofi daga hannu zuwa hannu. A wancan zamani ƙwayoyin 'yan kaɗan ne, sai a ciro wani guntun rubutu da ya keɓanta da kowace ɗaya a adana, duk fayil ɗin da aka ga guntun a jikinsa a kama shi. Wannan dabara tana da kyau ga ɓarawon da aka riga aka san fuskarsa. Yau kuwa cibiyar gwaji ta AV-TEST da ke Jamus tana cewa takan yi rajistar sababbin samfurori fiye da 450,000 a kowace rana, domin masu rubuta su sun ƙera injunan da ke sauya wa abu ɗaya riga sau dubu. Shi ya sa manhajojin yanzu suka ƙara da lura da hali. Idan wani shiri ya fara kulle ɗaruruwan fayiloli a cikin minti guda, ko takardar Word ta nemi ta sauko da wani abu ta kunna shi, sai a dakatar da shi ko da ba a taɓa ganin fuskarsa ba. Suna kuma aika shaidar baƙon fayil zuwa rumbun kamfani a tambaya ko an taɓa cin karo da shi a wani wuri.

Dole a faɗi iyakar abin. Fred Cohen, wanda ya fara nazarin ƙwayar cutar kwamfuta a ilmance a Jami'ar Kudancin Kalifoniya tun 1983, ya tabbatar ta hanyar lissafi cewa ba zai yiwu a rubuta shirin da zai gane kowace ƙwayar cuta ba tare da kuskure ba. A 2014 wani babban jami'in kamfanin Symantec, Brian Dye, ya shaida wa jaridar Wall Street Journal cewa riga-kafi irin na da ya mutu, yana kama kashi 45 cikin ɗari ne kawai na hare-hare. Kuma misalan da na kawo a sama, CCleaner ta yi kusan wata guda tana yawo, ta SolarWinds kuwa ta yi watanni, ba tare da riga-kafi ya yi ƙara ba. Wanda ya ce riga-kafi zai tare sabon harin da wata gwamnati ta ɓata shekaru tana shiryawa ya yi alkawarin da ba zai cika ba.

To mene ne amfaninsa? Amfaninsa yana cikin abin da ke biyo bayan ranar farko. Muguwar manhaja ba ta mutuwa don an gano ta. Takan ci gaba da yawo shekara da shekaru a filas da tsofaffin na'urori. Da zarar wani mai bincike a ko'ina cikin duniya ya gano ta, cikin sa'o'i kamanninta sun isa ga miliyoyin na'urori, kowace ta amfana da idon da ba nata ba. Stuxnet, wadda aka ƙera don lalata injunan tace yuraniyom na Natanz a Iran, ta filas take bi, kuma ganin hoton fayil ɗin a allo kaɗai ya isa ta kama na'ura. Wani ƙaramin kamfanin riga-kafi na ƙasar Belarus, VirusBlokAda, shi ya fara gano ta a watan Yuni na 2010. Abin da ke damun malamin jami'a da ɗalibinsa kuwa, galibi tsofaffin ɓarayi ne da aka daɗe da sanin fuskarsu, irin waɗanda riga-kafi ke kamawa ba wuya.

5.0 Maganin da ke da nasa ciwon

Hujjar da ta fi ƙarfi a hannun masu ƙin riga-kafi ita ce wannan: domin ya iya duba kome, dole a ba shi iko a kan kome, har cikin zuciyar tsarin na'ura. Duk kuskuren da ya yi kuwa babba ne. A watan Afrilu na 2010 wata sabuntawar McAfee ta ɗauki wani muhimmin fayil na Windows XP a matsayin ƙwayar cuta, na'urori masu yawa suka kasa tashi. A 2016 Tavis Ormandy na Google ya nuna cewa akwai kafa a manhajojin Symantec da Norton wadda aika wa mutum imel kaɗai ya isa a ƙwace na'urarsa, ko bai buɗe ba, domin riga-kafin ne da kansa zai buɗe don ya duba. Ran 19 ga Yuli na 2024 gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta durƙusar da na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5, aka soke dubban tafiye-tafiyen jiragen sama, ba tare da wani mahari ya ɗaga yatsa ba. Akwai kuma batun amana. A 2024 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta ci kamfanin Avast tarar dala miliyan 16.5 saboda sayar da bayanan shafukan da masu amfani da manhajarsa ke ziyarta. Mai gadi ne ya koma yana sayar da labarin gida.

A ganina waɗannan misalai suna koya mana zaɓen mai gadi da taƙaita yawansu, ba kwana babu gadi ba. Kuma tambayar kanta ta sauya kama tun 2012, lokacin da Windows 8 ta fito da cikakken riga-kafi a jikinta, wanda yanzu ake kira Microsoft Defender. A farko bai taka rawar a zo a gani ba a gwaje-gwajen cibiyoyi masu zaman kansu, amma daga wajen 2019 ya shiga sahun gaba. Kamfanin Apple ya dasa wa kwamfutocin Mac irin nasa mai suna XProtect tun 2009, Google kuma ya sa Play Protect a wayoyin Android a 2017. Saboda haka da yawa daga masu bugun ƙirji cewa sun shekara goma ba su sa riga-kafi ba kuma ba abin da ya same su, suna da shi, yana aiki a ɓoye, ba su dai saya ba ne. Wanda zai zauna babu riga-kafi a Windows ta yau sai ya shiga da gangan ya kashe shi.

Abin da ya rage shi ne ko a sayi wani a ɗora. Ga mutum guda mai na'urar da ke karɓar faci a kan kari, ban ga tilas ba. Ga ma'aikata mai ɗaruruwan na'urori, inda ake bukatar jami'i guda ya ga abin da ke faruwa a dukkansu, akwai dalili. Ɗora biyu a na'ura guda kuwa ba ya ninka tsaro, sai dai ya sa su riƙa kama juna, na'urar ta yi nauyi.

6.0 Halin da muke ciki

Yawancin rubuce-rubucen da ke cewa taka-tsantsan ya wadatar an yi su ne da tunanin mutum mai na'urarsa shi kaɗai, sabuwa, mai manhajar halal da intanet marar yankewa. Sashen jami'a a Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maraɗi ba haka yake ba. Kundin digiri yakan tashi daga kwamfutar ɗalibi, ya je shagon buga takardu na bakin ƙofar makaranta, ya dawo teburin malami, ya wuce wurin sakataren sashe, duk a filas guda. Na'urar shagon nan kuwa filas nawa take karɓa a yini? Kusan kowa a zauren nan ya taɓa ganin cutar da ke ɓoye manyan fayiloli ta bar gajerun hanyoyi masu kama da su a madadinsu, mutum ya latsa yana neman babi na uku, bai sani ba ya kunna ta. A wannan tafiya duka ba a taɓa intanet ba, balle ganuwa ta yi magana, kuma malami ba shi da ikon cewa ba zai karɓi aikin ɗalibinsa ba.

Sai matsalar manhajar sata. Wanda ya kai na'ura kasuwa aka zuba masa Windows da Office da sauransu a farashin kwanon abinci, sau da yawa mai zubawar yakan fara da kashe Defender, domin yana kama ɗan shirin da ake fasa makullin da shi. Wani lokaci kamun na kare haƙƙin kamfani ne kawai, wani lokaci kuwa akwai kura a cikin fatar da gaske, kuma mai na'ura ba shi da hanyar bambancewa. Yakan karɓi na'urarsa ya tafi, riga-kafin a kashe, ba wanda ya gaya masa. Tsadar data kuma takan sa a dakatar da sabuntawa gaba ɗaya, alhali riga-kafin da bai karɓi sababbin kamanni ba wata shida kamar mai gadi ne da ke riƙe da hotunan ɓarayin bara.

Wani abin da ya kamata shugabannin sassa su sa a lissafi shi ne shekarun na'urorin. Microsoft ya daina yi wa Windows 7 faci a watan Janairu na 2020, tallafin Windows 10 na yau da kullum kuma ya ƙare ran 14 ga Oktoba na 2025. Da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ke ofisoshinmu ba su cika sharuɗɗan ɗaukar Windows 11 ba. Duk kafar da aka gano a irinsu bayan ƙarewar tallafi haka za ta zauna a buɗe, kuma riga-kafi ba ya maye gurbin faci, kamar yadda WannaCry ta nuna. Irin wannan na'ura, in har ita ce ke riƙe da sakamakon jarrabawar ɗalibai, ya kamata a cire ta daga intanet, a hana soka mata kowane filas sai na ofis guda wanda aka duba a wata na'urar, a kuma riƙa kwafe abin da ke cikinta zuwa wani faifai da ake zarewa a kulle a durowa bayan kowane zaman majalisar sashe.